Satar Darar Zénabou

Da hantsi aka gano an ɗauke na'urar. Zénabou ce ta buɗe ɗakin gwajin da makullinta, ta tarar da tebur wayam, ta tsaya tana kallonsa kamar mai jiran abin ya dawo da kansa. Kafin azahar babu gidan da labarin bai shiga ba a Zangon Sokodé.

Ɗakin gwajin na ƙungiyar mahauta da fataken shanu ne, ita kuwa Zénabou 'yar unguwar ce da ta yi karatun likitan dabbobi a Lomé ta dawo gida. Na'urar ba ta kai bulo girma ba. A cikinta ake sa wani faranti na gilashi mai ƙananan gidaje jere, a ɗiga jinin saniya a gefe, a rufe, a danna maɓalli. Daga nan sai lantarki ya riƙa jan ɗigon daga gida zuwa gida, ba bututu ba famfo, ya haɗa shi da ɗigon magani, ya raba shi, ya wanke, bisa tsarin da Zénabou ta rubuta mata a kwamfuta. In ɗigon ƙarshe ya yi ja, saniyar na ɗauke da cuta. Tsofaffin da suka ga ɗigo na tafiya gida gida suka ce ai wannan dara ce, sunan kuwa ya bi ta.

A wata shekarar da satar ba ta dami kowa ba sai 'yan ƙungiya. Amma bana ciwon huhu ya ɓulla a shanun arewa, hukuma ta rufe musu hanya, duk garken da fataken Zango suka sayo domin Layya an killace su a wani fili bayan Dapaong. Babu saniyar da za ta sauko kudu sai an gwada ta, kai jini Lomé kuwa a jira amsa zai wuce Sallah. Washegari ne aka shirya tafiya da darar can.

Ƙofa ba a fasa ba, taga ba a taɓa ba. Saboda haka jandarmomi suka tafi da Zénabou, wasu a unguwa suka ce dama ta sayar wa 'yan Ghana. Wasu suka ce a dubi Sarkin Fawa Salifou, wanda shanunsa suka iso Sokodé kafin a rufe hanya, kullum kuma tsadarsu ƙaruwa take. Wasu suka tuna cewa Nourou, direban ƙungiya, ya taɓa faɗi a teburin mai shayi cewa wannan akwatin zai raba shi da aikin kai jini Lomé. Mutane suka daina gama magana in wani ya tunkaro.

Da la'asar Sarkin Zango ya aika a kira Issifou.

Issifou mai bin sawu ne. Tun yana saurayi yake bin ɓarayin shanu, daga dutsen Alédjo har bakin iyakar Benin, yanzu gwiwa ta fara ba shi wahala, ya koma zaman ƙofar gida. Bai so aikin ba. Abin da ya sa ya karɓa shi ne bijimai biyu da ya mallaka a duniya suna cikin garken ƙanensa Alidu, a filin nan na Dapaong, tare da shanun gidaje da yawa na Zango da suka ba Alidu amanar sayowa. Yana fitowa daga gaban Sarki ma wayar Alidu ta shigo. Muryarsa a dushe, ya ce ciyawa ta ƙare, ruwa sai an bi layi, mutane sun fara faɗa kan guga. Ya ce, “Yaya, ka dubi Sarkin Fawa da kyau. Shi kaɗai ke cin ribar zamanmu a nan.”

*

An yi ruwa kafin asuba, ƙasar bayan ɗakin gwajin ta riƙe komai. Issifou ya ga sawun babur da ɗigon ruwan sama ya huhhuda, wato kafin ruwa ya zo. Ya ga kuma sawun takalmin roba irin na makiyaya a bisa taɓo, bayan ruwa, amma 'yan kallo sun tattake shi, abin da ya rage ya hau kwalta ya ɓace.

A ciki ya duƙa har idonsa ya yi daidai da tebur. Farantan gwajin akwai wani mai a cikinsu da ke ɗan zubowa, ƙura ta manne masa, inda na'urar ta saba zama ya fito sarai: tabo uku zagayayyu, na huɗun kuma zobe ne mai haƙora. Ya daɗe yana kallon zoben.

A ofishin jandarmomi suka ba shi izinin ganin Zénabou a baranda. Idonta ya kumbura amma maganarta a daidai take. Ya tambaye ta zoben, ta ce ƙafar roba ɗaya ce ta ɓalle tun tuni, ta manna murfin kwalbar lemo a wurin, don in na'urar ta karkata ko kaɗan ɗigon ya kan kauce hanya. Ya tambaye ta makulli, ta ce akwai na biyu a ofishin ƙungiya, rataye bayan kalanda, duk 'yan kwamiti sun san da shi. Sai ya tambaye ta wa zai iya aiki da abin in ba ita ba.

“Kowa, Baba,” in ji ta. “Don haka na tsara ta. Na so makiyayi ya iya gwada shanunsa ko ba na nan. Aikin da zan wuni ina yi da hannu, ita ke yin sa, kai dai ka ɗiga ka danna. Na nuna wa 'yan kwamiti gaba ɗaya, har na sa kowa ya gwada.”

Ta roƙe shi ya duba firiji, don jandarmomi ba su bar ta ta buɗe ba. Ya koma ya duba. Kwalayen farantan sun ragu sosai, akwatin sanyin da ake zuba su a ciki in za a yi tafiya shi ma babu.

*

Sawun babur ya kai shi mahauta. Sarkin Fawa Salifou mutum ne mai ƙiba da saurin fushi, ya tarbe shi a tsaye, ya ce ya san abin da ya kawo shi, kuma ba ya tsoron kowa. Issifou ya bar shi ya huce, sa'an nan ya tambaye shi me baburinsa ya je yi bayan ɗakin gwaji jiya da magariba. Salifou ya dubi mahautansa, ya ja shi bayan rumfa. Can ya ɗaga riga ya nuna masa ciki duk tabon allura. Ciwon sukari ne, ya ce, a firijin Zénabou yake ajiye maganinsa don gidansa wuta ba ta zama, ba ya kuma son mahauta su ji, domin akwai masu jiran kujerarsa. Ya rantse bai ga komai ba, darar na kan tebur sa'ad da ya fita.

Nourou kuwa ya kwana a Tchamba, ya kai 'yan biki, mata fiye da cikin mota suka shaida. Ya amsa cewa ya yi maganar nan a teburin mai shayi, ya ce baƙin ciki ne na bakin mutum, bai wuce nan ba.

Issifou ya zauna a inuwar tasha yana juya abin. Wanda ke son hana gwaji zai fasa na'urar ko ya jefa ta rijiya. Me zai yi da farantai, me zai yi da akwatin sanyi? Ya tashi ya bi masu sayar da ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Tem da ke buɗe shagonta tun kafin kiran salla ta ce ƙwarai, wani ya sayi ƙanƙara da asuba, da rigar ruwa, ya rufe fuska da rawani, ya cika wani farin akwati, ya hau bayan motar albasa da ke komawa arewa babu kaya. Bai yi ciniki ba, ta ce, abin da ya sa ta tuna shi ke nan.

Ɓarawon ba ɓoye darar ya zo yi ba. Aiki ya tafi yi da ita.

*

Nourou ne ya kai shi, don yana son wanke kansa. Washegari da dare suka tashi. Bayan garin Mango shingayen sojoji suka yawaita, a sauka, a nuna kati, a buɗe bayan mota, a koma, gaba kaɗan a sake. Sun isa Dapaong da safe jikinsu duk ya mutu.

Filin killacewar an zagaye shi da waya da ƙaya, jandarmomi a ƙofa. Tun daga nesa ake jin kukan shanu da warin kashi da taɓo. Mai gadin ƙofa ya gaya musu tun da labarin satar ya iso, Shef, wato shugaban jandarmomin, ya ce wanda ya shiga ba ya fita. Nourou ya shiga. Issifou ya ce shi zai ɗan kewaya tukuna.

Ta gefen yamma, inda wani kwari ya ratsa ƙarƙashin waya, an ɗage ƙaya an mayar. Shanu 'yan ƙalilan sun fita ta nan, jiya ko shekaranjiya. Ya bi su. Takunsu gajere ne, ƙafafun gaba a warwatse kamar na dabbar da ƙirji ke mata ciwo, suna yawan tsayawa, inda suka tsaya kuma akwai busasshiyar kumfa a kan ciyawa. A bayansu mutum ɗaya ne, da takalmin roba. A nan babu 'yan kallo da za su tattake masa. Mutumin yana danna diddigen hagu, yana jefa ƙafar dama waje kaɗan.

Issifou ya tsaya. Ya san yaron da doki ya taka tun suna ƙanana, ƙafar ta warke a haka. Ya ce wa kansa masu irin wannan tafiyar suna da yawa a duniya. Ya ci gaba da bi, bai sake duban sawun mutumin ba, na shanun kaɗai ya riƙa kallo.

Da rana ta karkata suka kai shi wani ƙauyen ƙabilar Moba kusa da Bombouaka. Yawancin shanun an sayar wa mahautan kasuwa an yanka, amma sa ɗaya na nan a gidan wani manomi mai suna Douti, ɗaure a gindin ɗorawa, ya miƙe wuya yana numfashi da ƙyar. An yanke masa gefen kunne sabon yanka, inda alamar mai shi take. A jijiyar wuyansa akwai ɗan tabon allura. Douti ya ce wani Bahaushe ne ya sayar masa da araha, ya ce gajiyar tafiya ce kawai. Ya yi murna, don yana da shanun huɗa biyu, ɗaya ya tsufa, ga damina ta kama.

Issifou ya tambaye shi ko sun sha ruwa wuri ɗaya. Douti ya nuna masa kwami ɗaya tak da ke gidan.

Ya sa shi ya janye baƙon san ya kai shi bayan gari, ya hana kowace dabba kusantarsa. Douti ya yi yadda aka ce, ya dawo ya tsaya gabansa, da Hausarsa ta kasuwa ya ce, “Malam, in nawa ya mutu, matana da yarana ne zai ja garma. Wane ne ya yi mini wannan?”

Issifou ya ce bai sani ba tukuna. Ya fita ya hau motar komawa.

*

Ya shiga filin, aka ja waya a bayansa.

Ciki ya fi yadda Alidu ya faɗa. Fatake da makiyaya sun kafa rumfunan leda da zana, taɓo har idon sawu, ba wurin da mutum zai zauna ba a jikin wani ba. Shanu sun rame, sun cinye har ɓawon itatuwa. Kowane garke na kallon na kusa da shi, in saniya ta yi tari sai kawuna su juyo gaba ɗaya. Alidu ya rungume shi, ya ba shi buzunsa, ya dafa masa shayi, ya tambaye shi Sarkin Fawa. Issifou ya ce ana kan bincike. Ya lura ƙanen nasa ya zabge, ya lura kuma ba ya zama, kullum yana da abin da zai je ya gyara.

Washegari aka tsinci darar cikin buhun dusa a gindin rijiya, lafiya lau, babu farantai. Murna ba ta daɗe ba. Shef ɗin jandarmomi ya ce tun da a cikin filin aka same ta, ɓarawon na ciki, kuma ba saniyar da za a gwada sai an miƙa masa shi, ko da za a yi Sallah biyu a nan. Ya aika Sokodé a kawo Zénabou ta duba kayanta. Sarkin Fawa ya ce shi ma zai biyo, a yi a gabansa. Mutanen fili kuwa suka fara nuna Nourou da baki, suna cewa shi ne mai mota, shi ne ya san hanya, watakila shi ya shigo da ita jiya. Har wani ya watsa masa ruwan guga a layin rijiya.

Da yamma Alidu ya tafi layin ruwa, ya ce Yaya ya taimaka ya fitar wa shanu gishirin lasa, yana ƙarƙashin leda a ƙuryar rumfa. Issifou ya ɗage ledar. Dunƙulen gishirin faffaɗa ne mai kwana huɗu, danshin damina ya sa fuskarsa ta yi laushi. Ya ɗauko shi zuwa haske.

Tabo uku zagayayyu, da zobe mai haƙora.

A duk filin nan babu tebur, babu daɓe, babu abin da ya miƙe sumul da za a ɗora na'urar da ba ta son karkata, sai wannan. Ya tsuguna da gishirin a cinyarsa. Jan bijiminsa ya ji ƙanshi ya matso, ya miƙo wuya ta kan igiya, harshensa na lasar iska, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taki ɗaya ba. Issifou ya san in ya ajiye dunƙulen a ƙasa ya juya baya, kafin ya gama alwala babu sauran zobe, babu sauran tabo, kuma babu wanda zai ce ya yi wani abu ban da ba shanu gishiri, yadda aka sa shi.

Sa'an nan ya warware rawaninsa ya naɗe gishirin.

Da ya ɗago, Alidu na tsaye da jarkoki biyu. Ya ajiye su a hankali. Bai yi musu ba. Ya ce ya ji tari a garken tun makon jiya, ya san kuma dokar: in aka sami ɗaya, garken gaba ɗaya zai zauna. Ya ce ya biya wani makiyayi ya kula masa, ya fita ta kwari, ya sauka Sokodé, ya ɗauki makullin bayan kalanda tun da shi ma ɗan kwamiti ne, ya dawo a yini biyu. Ya so ya sani kafin hukuma ta sani, ya fitar da masu ciwon, sauran su wuce.

“Ba nawa ba ne ni kaɗai, Yaya. Na matan Zango ne da suka tara kuɗinsu shekara guda. Naka ne. Da wane ido zan shiga unguwa hannu sake?”

Issifou ya gaya masa gidan Douti, da kwamin ruwa ɗaya. Ya gaya masa Zénabou na kwana a benci tun ranar.

Alidu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “To ka ba shanu gishirinsu. Ni zan je in nemi manomin in biya shi, na rantse. Nono ɗaya muka sha.”

Issifou ya kwanta. Ya sa ƙunshin ƙarƙashin kansa a matsayin matashi, suka juya wa juna baya a rumfar da ba ta isa mutum ɗaya ba.

*

Da hantsi aka taru a rumfar ƙofa, ruwa na zuba a kan kwano. Shef a kujera, darar a gabansa kan akwatin harsashi. Zénabou a gefe da jandarma a bayanta. Sarkin Fawa ya cika benci guda yana fifita da hula. Nourou a tsaye, ba wanda ya matsa kusa da shi. Masu garke sun yi da'ira, Alidu a cikinsu, ragowar mutane a waje cikin ruwa.

Zénabou ta duba na'urar ta ce lafiyarta ƙalau, an yi aiki da ita, kuma wanda ya yi ya bi ƙa'ida. Shef ya ce wannan ya nuna hannun wanda ya saba ne, ya dubi Nourou, ya dubi Zénabou, ya ce a ganinsa su biyu suka haɗa baki, ɗaya ya ba da makulli ɗaya ya ɗauko. Aka fara guna-guni na amincewa. Mutane sun gaji, suna son suna, kowane iri ne.

Issifou ya nemi izini. Ya yi magana a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce baburin Sarkin Fawa ya bar wurin kafin ruwa, ɓarawo kuwa bayan ruwa ya zo, bai faɗi abin da ya kai Sarkin Fawa can ba. Ya ce Nourou na Tchamba a daren, ya kuma shigo filin nan hannu sake a gaban mai gadi. Ya faɗi ƙanƙara, ya faɗi kwari, ya faɗi shanun da aka kora zuwa Bombouaka da san da ke tari a bayan garin su Douti. Da aka ji an kai cutar ƙauye, rumfar ta yi tsit, don kowa a nan ya san abin da san huɗa yake ga manomi a watan shuka.

Shef ya ce duk ya ji, amma wane ne.

Issifou ya ajiye ƙunshin a ƙasa ya warware. Ya ce wa Zénabou, “'Yata, ɗora ta a kai.”

Ta ɗauki darar da hannu biyu, ta juya ta, ta sauke a hankali. Ƙafafu uku suka faɗa cikin tabonsu, murfin kwalbar ya shige zobensa haƙori da haƙori. Ta girgiza ta kaɗan, ba ta motsa ba.

Shef ya tambayi inda aka samo gishirin. Issifou ya buɗe baki, amma Alidu ya riga shi, ya ratso mutane ya fito tsakiya.

“A rumfata ne,” in ji shi. “Ku bar shi haka. Kada ku sa shi ya faɗi sunana da bakinsa.”

*

A ranar aka saki Zénabou, ba ta ko wanke fuska ba ta sa aka kawo sababbin farantai ta fara aiki. Ta zaɓi makiyaya masu natsuwa ta ba su ɗibar jini, darar na ta jan ɗigo gida gida daga safe har duhu. Garkunan da suka fito lafiya aka buɗe musu ƙofa ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci suka kwashe su zuwa kudu. A garken Alidu an ƙara samun masu ciwo, aka yanka su aka binne, sauran aka ce za su zauna har sai an sake gwaji bayan Sallah. A ƙauyen su Douti, tsohon san ya tsira, ƙaramin ya kamu. Nourou ne ya kai Zénabou can, ya dawo ya ce manomin bai zagi kowa ba, ya dai zauna a kan garmarsa ya ƙi tashi.

Daga Sokodé wayoyi suka riƙa shigo wa Issifou. Sarkin Zango ya yi godiya. Wasu daga matan da shanunsu suka maƙale suka ce da ya yi shiru da yanzu sun ga dabbobinsu, wata ma ta ce ba ta taɓa jin wanda ya bi sawun ɗan uwarsa ba. Matar Alidu ta kira, da ya ɗauka ba ta ce komai ba, sai numfashinta yake ji har ta kashe.

An ce masa yana iya tafiya. Ya dubi garken da ba mai kula da shi, ya ce zai zauna.

Ran jajibirin Sallah aka zo tafiya da Alidu kotu. Filin ya zama kusan kango, rumfuna a yashe, leda na kaɗawa. An sa shi a bayan motar jandarmomi, hannunsa a ɗaure. Tun ranar taron ba su yi magana ba. Issifou ya zo ya tsaya jikin waya ta ciki. Direba ya ta da mota. Alidu ya matso bakin ƙarfe ya ɗaga murya don a ji shi a kan ƙarar inji.

“Yaya, jan nan naka ba ya cin dusa a bushe. Sai ka jiƙa masa da ruwan ɗumi, ka tsaya kusa da shi, in ba haka ba sauran su cinye.”

Issifou ya ce to.

Motar ta fita, mai gadi ya ja waya ya ɗaure. Issifou ya koma rumfa yana jan gwiwa, ya tattara 'yan ƙiraren da ruwa bai taɓa ba, ya hura wuta, ya ɗora tukunya.